Ƙurar da Ke Ɓoye Shekara Talatin a Ƙirji

A tsofaffin makarantu da gidajen ma'aikata a Najeriya har yau akwai silin da rufin asbestos. Muddin ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Matsala na farawa ranar da kafinta ya sa masa zarto, ko magini ya farfasa shi aka bar yara suna wasa cikin ɓaraguzan. Zaren da ke tashi cikin ƙurar ido ba ya ganinsa, kuma in ya shiga huhu sai ya maƙale, jiki ya kasa narkar da shi.

Cutar da aka fi saninsa da ita ita ce mesothelioma, dajin da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wani lokaci kuma tantanin ciki. A 1960 likita J.C. Wagner da abokan aikinsa suka nuna alaƙar cutar da asbestos a Afirka ta Kudu, inda ake haƙar shuɗin asbestos. Cikin majinyatan har da waɗanda ba su taɓa shiga mahaƙa ba, maƙwabtaka kawai suka yi da ita. Daga baya aka ga cutar a jikin matan da ke kakkaɓe kayan aikin mazajensu kafin wanki. Asbestos na kuma jawo dajin huhu, da na maƙogwaro, da na ma'ajiyar ƙwan mace, kuma ga mai shan sigari haɗarin dajin huhu ninkuwa yake yi.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne jinkiri. Sai bayan shekara 20 zuwa 50 alamu ke fitowa, lokacin mutum ya manta ya taɓa yin aikin. Zai fara haki in ya ɗan hau tudu, ƙirji na ciwo ta gefe guda, ga tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga rama. Ruwa kan taru a ƙirji, ko ciki ya kumbura, ko murya ta dusashe. A wajenmu kuwa, wa zai ga haka bai ce tarin fuka ba ne?

Birtaniya ta haramta asbestos gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Kai da ka taɓa yanka shi, ko ka yi shekaru kana busar ƙurar birkin mota mai ɗauke da asbestos, in tari ya daɗe, faɗa wa likita aikin da ka yi tun kana saurayi, ko da bai tambaya ba.