Zumuncin Iyaye a Baƙunta: Misali daga Mutanen Gusau, Tsafe da Bungudu

Gabatarwa

Hausawa su kan ce zumunta a ƙafa ta ke. Watau dangantakar jini ba ta ɗorewa sai da ziyara da gaisuwa da halartar sha'ani. To, yaya ke nan ga magidancin da ya kwashi iyalinsa ya tafi ƙasar da ƙafa ba ta iya kai shi wurin danginsa? Wannan takarda ta duba zaman yau da kullum na iyayen yara waɗanda su ka bar Gusau da Tsafe da Bungudu, da sauran Hausawa irinsu, su ka zauna a ƙasashen waje. Abin da a ke so a nuna shi ne, a baƙunta abota ce ta ke ɗaukar aikin dangi, kuma 'ya'ya su ne babban dalilin ƙulla ta.

Garuruwan da hanyoyin fita

Gusau ita ce hedkwatar Jihar Zamfara tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996. Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa ta a zamanin jihadi, kuma sarkinta shi ne Sarkin Katsinan Gusau, domin a da yankin yana cikin ƙasar Katsina. Tsafe tana bisa hanyar Funtuwa, kusa da tsohon garin malamai na 'Yandoto, shi ya sa a ke kiran sarkinta 'Yandoton Tsafe. Bungudu kuwa tana bisa hanyar Sakkwato, sarkinta shi ne Sarkin Fulanin Bungudu. Duk ukun garuruwan manoma ne da 'yan kasuwa, waɗanda su ka yi suna wajen auduga da gyaɗa, balle da jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya.

Hanyoyi uku ne su ka fi fitar da mutanen wannan yanki. Ta farko ita ce ta yamma, hanyar fataken goro zuwa Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga a 1892 fatake su ka watsu zuwa waɗansu garuruwa, har zangunan Kumasi da Ankara su ka bunƙasa. 'Yan cin rani su ka bi sawunsu. A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙidaya masu fita daga Lardin Sakkwato, wanda Gusau ta ke ciki a lokacin, aka ga da yawansu ƙasar Yarabawa da ƙasar Gana ta yau su ka nufa. Hanya ta biyu ita ce ta gabas, hanyar alhazai. Da Turawa su ka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya bi ta Gusau, jama'a su ka yi ta binsa. Bayan ya rasu a yaƙin Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai sauran mutane Sudan, inda su ka kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar. Da aka gama madatsar ruwan Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira su ka riƙe dubban Hausawa masu neman guzurin ƙarasawa Makka. Hanya ta uku ita ce ta zamanin nan, wadda ta ke kai ɗalibai da likitoci da malamai Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa.

Abin da aka baro a gida

Ba za a gane nauyin baƙunta ba sai an tuna cewa a ƙasar Hausa mutum biyu ba su renon ɗa su kaɗai. In mace ta yi cikin fari, gidan iyayenta ta kan tafi wanka. Wata tsohuwa daga cikin dangi ita ce za ta dafa mata ruwan wankan jego safe da yamma har kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa, ta koya mata riƙon jariri. Uban yaro kuwa kunyar ɗan fari ba ta barinsa ya yi rawar ƙafa, sai ƙannen mahaifinsa da yayyensa su tsaya a madadinsa, su raba goro, su kira liman da wanzami. In an zo yaye, kaka ce ta ke ɗaukar yaro. In ya yi ƙiriniya a waje, duk babban da ya gan shi ya tsawata masa, domin ɗa na kowa ne. Ran da ya isa aure, baffansa ne zai nema masa, ko ya ba da ita in mace ce.

Ko wanne daga cikin waɗannan ayyuka yana da mai shi. Ran da aka ƙetare iyaka, ayyukan suna nan yadda su ke, amma masu yin su an baro su a Gusau. Wannan giɓi shi ne abota ta ke cikewa.

Masauki da majalisa

Abokin farko na baƙo a zango shi ne maimasaukinsa. Bisa tsohuwar al'adar fatauci, mai zuwa ya kan nemi gidan wani mutumin ƙasarsu da ya riga shi zama, ya sauka a zaurensa. Maigidan nan shi ne zai ci da shi, ya nuna masa kasuwa, ya tsaya masa wurin bashi, ya kai shi gaban Sarkin Zango. In baƙo ya samu wurin zama ya aika a kawo masa iyali, cikin gidan maimasaukin za a fara sauke matarsa, uwargida ta karɓe ta kamar ƙanwa.

Daga masauki sai majalisa. Bayan sallar magariba magidanta su kan fito da akussansu ƙofar gida ɗaya su yi ciyayya. A nan a ke jin wanda ya zo daga gida da labarin damina, da wanda zai koma a ba shi saƙo, da wanda matarsa ta kusa sauka. Abin lura kuma shi ne, iyakar wanda a ke kira ɗan gida ta kan faɗaɗa gwargwadon nisan tafiya. A Zamfara mutumin Tsafe ya san shi ba ɗan Bungudu ba ne, kowa da sarkinsa da tarihinsa. A Kumasi su biyun 'yan gari ɗaya ne. A Sudan Larabawa su kan haɗa su da Fulani da Barebari su kira su duka Fallata. A Landan kuwa duk mai jin Hausa ɗan'uwa ne, ko daga Maraɗi ya zo ko daga Ankara. Wasan barkwanci na gargajiya, irin na Fulani da Barebari ko na Kanawa da Zagezagi, ya kan sauƙaƙa wannan haɗuwa, domin mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba sai su fara da zolaya su ƙare da cin tuwo akushi ɗaya.

Haihuwa, biki da adashi

Zumuncin mata ya fi na maza zurfi, sabo da su ne haihuwa da goyo su ke hannunsu. Matar da ta haihu nesa da mahaifiyarta dole wata ta zame mata uwa. Maƙwabciyar da ta tsaya mata, ta kwana ɗakinta, ta yi mata hidimar wanka har aka yi arba'in, ta wuce maƙwabciya ke nan har abada. Mai jego za ta riƙa kiranta Inna ko Yaya, yaron ya tashi yana ce mata Gwaggo, sau da yawa ma in aka sake samun 'ya mace a yi mata takwara. Ta haka sunayen dangi su ke sauka bisa mutanen da babu jini tsakaninsu, kuma ba su sauka a banza, sai an yi aikin da ya cancanci sunan.

Hausawa ba su ƙago wannan dabara a baƙunta ba, da ita su ka tafi. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya bayyana ƙawance, watau amincin da mata biyu su ke ƙullawa da shaidar jama'a, da kuma dangantakar uwar ɗaki da 'yar ɗaki. Jigon ƙawance shi ne biki. In ƙawa tana da suna ko aure, a kan kai mata gudummawar kuɗi ko zane ko kwano, ita kuma ran sha'anin waccan ta mayar da abin da ya fi. Bashi ne wanda ba a so a gama biyansa, domin ran da aka yi daidai aka tsaya, zumunci ya tsaya. A gida biki ƙari ne bisa taimakon dangi. A baƙunta shi ne jari duka, kuma matar da ba ta zuwa sha'anin kowa za ta yi nata suna ɗaki wayam.

Adashi ma haka ya ke. Mata su kan zuba kuɗi ko wane mako ko wata wurin uwar adashi, a ba mutum ɗaya kwasa bi da bi. Da shi a ke sayen kayan ɗakin 'ya, a biya kuɗin makaranta, a aika wa tsofaffi a gida. Ba a rubuta takarda ba a sa hannu, jingina ɗaya ita ce mutunci, shi ya sa shigar da sabuwar zuwa cikin adashi alama ce ta cewa an karɓe ta.

Riƙo, karatu da harshe

Da yaro ya yi wayo sai wata damuwa ta taso, watau wane irin mutum zai zama. Makarantar allo ita ce ta fara haɗa iyaye, domin malamin da ya ke karantar da 'ya'yan unguwa shi ne limaminsu, shi ne kuma mai sulhunta su. Riƙo ya biyo baya. Mutum ya kan ba amininsa ɗa ya riƙe, ko ya aika da shi gida wurin kaka don ya san danginsa. Wanda aka ba riƙon ɗa ba shi da sauran wata amana da za a hana shi. Daga nan sai auratayya, aminai su haɗa 'ya'yansu aure, abota ta koma surukuta, jikoki kuma su tashi dangi na haƙiƙa. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin zangon Kumasi a littafinta na 1978, ta nuna yadda baƙi su ke ƙulla dangantaka irin wannan, da yadda Hausa ta zama harshen zango har ga 'ya'yan waɗanda ba Hausawa ba.

Amma harshen ba ya zama yadda aka tafi da shi. Uba Bazamfare yana cewa shina da hwari, ɗansa haifaffen Kumasi ya tashi da Gananci, wanda ba ya cika bambanta namiji da mace a magana. Na Sudan kuwa Larabci ya shiga bakinsa. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya tarar da jikokin alhazai a Sudan waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba, ba su kuma isa Makka ba, amma har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne bisa hanya.

Zaman Turai da Amurka

Masu zuwa Turai a wannan zamani ba su tarar da zango ba. Babu zaure, babu tsakar gida, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Miji da mata sau da yawa duk suna aiki, reno kuwa na kuɗi ne mai tsada, kuma samun biza ga kakar da za ta zo jego ba abu ne mai sauƙi ba. Dokar ƙasa ba ta san ɗa na kowa ne ba, wanda ya ɗaga hannu ga ɗan wani ya ja wa kansa magana da hukuma.

Duk da haka tsohuwar dabarar ba ta mutu ba, wurin yin ta ne ya sake. Ƙofar makarantar yara da masallacin Juma'a da Islamiyyar Asabar da Lahadi su ne su ka maye gurbin majalisa. Iyalai su kan yi karɓa-karɓar kai yara makaranta da ɗauko su. In an yi haihuwa matan gari su raba kwanaki, kowace da ranar da za ta kai abinci. Sau da yawa a kan raɗa suna a can, a yanka ragon a Gusau, dangi su kalli jariri ta waya. Sai dai wayar nan kaifi biyu gare ta. Tana kawo muryar uwa kullum, har ta sa mace ta ga ba ta bukatar maƙwabta, alhali kuwa murya ba ta riƙe jariri in zazzaɓi ya tashi da tsakar dare.

Ranar gwaji

Zumuncin baƙunta yana da iyakarsa, domin baƙo komai daɗewarsa ana iya tuna masa shi baƙo ne. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fita. Iyalai da yawa su ka bar gidaje da rumfuna hannun aminai, su ka dawo da 'ya'yan da ba su san ƙasar ubanninsu ba. A Yuli 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a yankin Bulunayil na Sudan, aka yi asarar rayuka, ga shi kuwa Hausawa sun haura shekara ɗari a wurin. Yaƙin da ya tashi a Sudan a Afrilu 2023 ya sake tarwatsa waɗansu. A irin waɗannan ranaku wanda ya tsira da wani abu shi ne mai igiya biyu, watau aminai a inda ya ke, da dangi a gida waɗanda bai yanke aike da su ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa abotar iyaye a baƙunta ba hira ce kawai ta kashe kewa ba. Ita ce ta ke tsayawa a matsayin kaka ran haihuwa, da baffa ran aure, da dangi ran mutuwa. Kayan gininta duka daga gida aka tafi da su: masauki, ciyayya, biki, adashi da riƙo. Magidancin da ya riƙe su ya kan samu dangi inda bai haifa ba, wanda ya rufe ƙofarsa kuwa 'ya'yansa ne su ke fara jin nauyin abin, domin su kan tashi ba su da wanda za su kira Gwaggo ko Kawu a ƙasar da aka haife su, ba su kuma saba da na ƙasar iyayensu ba.