Fadan da Ya Ƙi a Jingina Imani da Lissafinsa

A watan Nuwamba na 1951, Fafaroma Pius na 12 ya yi wa majalisar masana kimiyya ta fadarsa jawabin da ya faranta wa Kiristoci da yawa rai. Ya nuna cewa binciken taurari ya kai masana ga lokacin da halitta ta soma, wato kimiyya ta zo tana ba da shaida a kan abin da Littafin Farawa ya daɗe da faɗa. Jaridu suka yi ta yayatawa. Amma akwai wanda jawabin ya dama wa lissafi, kuma shi ne wanda kowa zai zaci ya fi kowa murna: Georges Lemaître, fadan Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, mutumin da ya kawo ra'ayin da ake yabon.

An haife shi a 1894 a Charleroi, garin masu haƙar kwal. Ya fara karatun injiniya sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse shi, ya shiga soja a rundunar masu igwa. Da aka gama yaƙi ya koma lissafi da fiziks, ya kuma shiga makarantar horar da limaman coci, aka naɗa shi fada a 1923. Daga nan ya tafi Kambirij a Ingila wurin Arthur Eddington, sannan Amurka. Duk inda ya shiga taron masana, da farar kwalar fada a wuyansa yake shiga.

A wancan zamani kusan kowa ya ɗauka sararin samaniya a tsaye yake, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Albert Einstein kansa, da ya ga lissafinsa na 1915 yana nuna sararin ba zai zauna wuri ɗaya ba, sai ya ƙara masa wani ɓangare don ya tsayar da shi. Wani ɗan Rasha, Alexander Friedmann, ya nuna a 1922 cewa lissafin ya yarda sarari ya faɗaɗa, amma a takarda abin ya tsaya. Lemaître ne ya haɗa lissafin da abin da madubin hangen nesa ke gani. Masu lura da sama sun riga sun gano cewa hasken garken taurari masu nisa yana karkata zuwa ja, alamar suna nisantarmu. A 1927 ya rubuta cewa sararin da ke tsakaninsu ne ke buɗewa, kuma gwargwadon nisan garke gwargwadon saurin tafiyarsa. Kamar ƙullin burodi ne da aka cuɗa da riɗi: idan ya soma tashi, kowace ƙwaya tana nisantar 'yar'uwarta, alhali ba wadda ta motsa da ƙafarta.

Da Faransanci ya rubuta, a wata mujallar Brasels da ba kowa ke karantawa ba. Da suka haɗu da Einstein a wannan shekara, Einstein ya ce masa lissafin daidai ne, amma fahimtarsa ta fiziks ba ta da kyan gani. Bayan shekara biyu Edwin Hubble ya buga awonsa a Amurka, suna ya tafi wurinsa.

Lemaître bai tsaya nan ba. Ya ce idan sarari na buɗewa, to jiya ya fi yau matsewa, shekaranjiya ta fi jiya. A 1931 ya kawo ra'ayin cewa komai ya faro ne daga dunƙule guda mai tsananin matsi. Nan fa zargi ya taso: fada ne, Littafin Farawa yake so ya shigo da shi ta bayan gida. Abin lura shi ne ƙin ra'ayin bai bi layin addini ba. Eddington, malaminsa, mai ibada ne sosai, amma ya ce batun mafari bai kwanta masa ba. Fred Hoyle, wanda bai yarda da Allah ba, shi da abokansa biyu sun kawo nasu ra'ayin a 1948, cewa sarari ba shi da farko. Hoyle ɗin ne ma ya raɗa wa ra'ayin Lemaître sunan "babbar fashewa" a gidan rediyon BBC a 1949.

To mutumin da aka daɗe ana zargi, ga shugaban cocinsa ya fito ya mara masa baya, me zai sa ransa ya ɓaci?

Da farko, ya san abin da ke hannunsa. A 1951 ra'ayin bai tabbata ba. Awon Hubble, idan aka bi shi kai tsaye, yana ba sararin samaniya shekara wajen biliyan 2, alhali masana duwatsu na cewa ƙasar da muke takawa ta girmi haka. Da a ce Hoyle ne ya yi nasara fa? Duk wanda aka koya wa cewa imaninsa ya tabbata saboda madubin hangen nesa, ranar da madubin ya nuna wani abu dabam sai ya rasa madafa. Kimiyya ba ta jin kunyar gyara maganarta, ƙarfinta ke nan.

Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. Lemaître ya bambanta mafari da halitta. Fiziks na iya bin sawun abubuwa baya har inda lissafi ya ƙare, ya faɗi yadda zafi da matsi suke a can. Ba zai iya faɗin dalilin da ya sa akwai wani abu tun asali ba. Wannan ba sabuwar magana ba ce a cocinsa. Tun ƙarni na 13 Thomas Aquinas ya koyar cewa hankali kaɗai ba ya iya tabbatar da cewa duniya tana da ranar farawa, kuma ko da ba ta da ita, da ikon Mahalicci take tsaye. Shi ya sa a wani taron masana a Brasels a 1958 Lemaître ya bayyana cewa ra'ayinsa bai tilasta wa kowa imani ba, bai kuma hana kowa ba. An ruwaito cewa shi da Fada Daniel O'Connell, shugaban ɗakin binciken taurari na Batikan, sun isar wa Fafaroma da damuwarsu. Da Fafaroma ya yi wa masana taurari na duniya jawabi a 1952, bai sake ɗaura imani a kan ra'ayin ba.

Cocin ta taɓa ƙonewa a irin wannan wuta. A 1633 ta hukunta Galileo saboda ya ce duniya ce ke zagaya rana, sai a 1992 Fafaroma John Paul na 2 ya amsa a fili cewa masu hukuncin sun yi kuskure. Can an sa Nassi ya yanke hukunci a kan taurari; a 1951 an so a sa taurari su yanke hukunci a kan Nassi. Kuskuren ɗaya ne.

Wannan ya shafi ɗalibin da ke karanta fiziks a Jos ko Zariya ranar Litinin bayan ya ji wa'azi ranar Lahadi. Wani mai wa'azi zai ce masa "ai kimiyya ma ta tabbatar", wani kuma ya ce littafin makaranta ƙaryar marasa tsoron Allah ce. Dukansu suna cutar yaron: na farko ya ba shi tsani mai rauni, na biyu ya sa shi zaɓi tsakanin ilminsa da Ubangijinsa. Ba wai matsayin Lemaître ba shi da tsada ba. Yana bukatar mai bi ya karanta kwanaki shida na Farawa a matsayin koyarwa game da Allah da mutum, ba jadawalin taurari ba, kuma Kiristoci masu yawa, musamman a Amurka da Afirka, ba su yarda da haka ba har gobe. Amma tun ƙarni na 5 Augustine, bishop ɗan Afirka ta Arewa, ya gargaɗi masu bi kada su riƙa faɗin shirme game da sama da ƙasa da sunan Nassi a gaban waɗanda suka san abin, don kada a raina Nassin saboda su.

Hujjar da ta raba gardama tsakanin ra'ayin Lemaître da na Hoyle daga wani wuri ta fito. Arno Penzias da Robert Wilson, ma'aikatan kamfanin Bell a Amurka, sun yi ta jin wani shuu a eriyarsu ko ina suka juya ta. Har tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kora, suka goge kashinsu, ƙarar ba ta tafi ba. A 1965 aka gane ragowar zafin farkon sarari ne, wanda yanzu ya huce zuwa kimanin digiri 270 ƙasa da sifiri. Labarin ya iske Lemaître yana jinya, ya rasu a watan Yuni na 1966 yana shugabantar majalisar nan ta masana ta Fafaroma. Awon yau ya sa shekarun sararin samaniya a biliyan 13.8. A 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta kaɗa ƙuri'a, kashi 78 cikin 100 suka goyi bayan a riƙa kiran dokar faɗaɗar sarari da sunan Hubble da Lemaître tare.