Habaici ko bankwana? Waƙoƙin da ake cewa sun hango watsewar mawaƙa

Duk wanda ya taso a ƙasar Adar, ko a Karofane ne ko Bouza ko Keita ko Madaoua, ya san makaɗi ba ya faɗin komai ƙarara. Yana cikin yabon ubangidansa sai ya jefa wa wani magana ba tare da ya kama suna ba, kuma kowa a wurin ya gane da wa ake. Da irin wannan kunnen da ya saba da habaici matasanmu da ke ci-rani a Abidjan ko Legas ko Tamanrasset suke sauraron kiɗan wasu ƙasashe. Shi ya sa da zarar an ce wata ƙungiyar mawaƙa ta watse, sai a koma kan faifanta na ƙarshe ana tono, ana cewa ai sun faɗa, mu ne ba mu lura ba.

Wani lokaci haka ɗin ne. Amma idan aka bi waƙoƙin da suka tabbata gargaɗi ne, za a tarar ba kasafai maganar soyayya ko ɓacin rai suke yi ba. Maganar kuɗi ce, da ta wane ne mai gida.

Beatles: rigimar manaja a cikin waƙa

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Beatles, matasa huɗu daga birnin Liverpool na Ingila. Manajansu Brian Epstein ya rasu a watan Agustan 1967, kuma tun daga nan lissafin kuɗinsu ya fara rikicewa. A 1969 John Lennon da George Harrison da Ringo Starr suka zaɓi wani Ba'amurke, Allen Klein, ya riƙe musu harkokinsu. Paul McCartney ya ƙi, shi surukinsa Lee Eastman yake so.

A cikin wannan zaman doya da manja suka shiga situdiyo suka yi faifan Abbey Road, wanda ya fito a watan Satumbar 1969. A ciki akwai waƙar McCartney mai suna "You Never Give Me Your Money". Mai sauraro na lokacin zai ɗauka ƙorafin masoyi ne, amma daga baya McCartney da kansa ya danganta ta da rikicin kuɗin da suke ciki da Klein. A watan da faifan ya fito, Lennon ya shaida wa sauran a asirce cewa shi ya bar ƙungiyar.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce "I Me Mine" ta Harrison, waƙa a kan son kai. Ranar 3 ga Janairun 1970 aka ɗauke ta, mutum uku ne kawai a situdiyon, babu Lennon. Ita ce sabuwar waƙa ta ƙarshe da suka ɗauka kafin a ji labarin rabuwarsu a watan Afrilu. Ranar 31 ga Disambar shekarar McCartney ya kai sauran ƙara babbar kotun Landan domin a raba tarayyar.

Sai dai kada a ɗauka duk habaici ne ke rusa ƙungiya. Faifan Rumours na Fleetwood Mac, na 1977, cike yake da jifan juna: aure ɗaya ya mutu a cikin ƙungiyar, wata soyayyar ta lalace, kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa waƙa ya kuma tilasta masa ya yi masa amshi. Ba su watse ba. Faifan ya sayu sama da kwafi miliyan 40, suka ci gaba da hawa dandamali tare shekara da shekaru. Inda kasuwa ke ci, ana iya haɗiye baƙar magana.

Fela da yaransa a Berlin

A kusa da gida, labarin Fela Kuti da ƙungiyarsa Africa 70 ya fi ɗaci. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a Legas, kayan kiɗa da wurin zama duk suka tafi. A 1978 ƙungiyar ta je bikin kiɗan jazz na Berlin, inda aka ɗauki waƙar "V.I.P.", wadda ke caccakar manyan da ke cin amanar na ƙasa da su.

Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne, masu busa da masu kiɗan da ke bayansa suna da nasu ƙorafin, kuma a kan shi mai waƙar ne. Sun daɗe suna kukan rashin biya, ga kuma maganar da ta yaɗu a tsakaninsu cewa kuɗin tafiyar zai tafi ne ga takarar shugaban ƙasa da Fela ke shiri a 1979. Bayan wasan da yawansu suka ajiye aiki. Tony Allen, makaɗin gangar da aka gina kiɗan Afrobeat a kan hannunsa, shi ma ya kama gabansa. Fela ya sake kafa wata ƙungiyar ya kira ta Egypt 80. Ba don yaransa ya yi "V.I.P." ba, amma da wuya ka saurare ta yau ba ka tuna da su ba.

Tagwayen P-Square kuwa ba su ma tsaya habaici ba. Tun 2016 Peter da Paul suka fara sakin waƙoƙi kowa shi kaɗai, suka rabu a 2017, suka shirya a 2021, suka sake rabuwa a 2024, kuma a 2025 maganar kuɗin ƙungiyar ta kai gaban kotu a Legas.

Ɗan jihar Tahoua da hanya ta rufe masa

A jiharmu ta Tahoua akwai wanda duniya ke kira ɗan rock ba tare da wata tantama ba: Mahamadou Souleymane, wato Mdou Moctar, Buzun da ya fito daga arewacin jihar. Bahago ne, kuma da wayar burkin keke ya haɗa garayar turawansa ta farko. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin sautin kwamfuta na waƙoƙin finafinan Hausa, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth tun kafin wani kamfanin waje ya san da shi.

Ƙungiyar da ta kai shi manyan dandamali mutum huɗu ce: shi, da Ahmoudou Madassane, da Souleymane Ibrahim a kan ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun. Bayan Afrique Victime na 2021 suka ɗauki Funeral for Justice, mai ɗauke da waƙar "Oh France" da ke tuhumar Faransa kan abin da ta yi wa yankin. An gama ɗaukar faifan kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, amma bai fito ba sai Mayun 2024, lokacin da sojojin Faransa sun riga sun tattara sun bar Nijar. Rabuwar da wannan waƙar ta hango ta ƙasa da ƙasa ce.

Juyin mulkin ya same su suna zagayen wasa a Amurka. An rufe iyakoki da sararin samaniya, 'yan Nijar ukun suka maƙale, iyalansu na gida, har sai da masoya suka tara musu kuɗin zama ta intanet. Duk ɗan ci-ranin da aka taɓa rufe wa boda yana ƙetare ya san wannan zaman. A cikinsa suka shiga wani situdiyo a New York suka sake rera waƙoƙin faifan a sanyaye, babu ƙarar lantarki. Shi ne Tears of Injustice, wanda ya fito a Fabrairun 2025.

A shekarar kuma Ahmoudou da Souleymane da Mikey suka fito da wata ƙungiya tasu su uku mai suna Takaat, kalmar da ke nufin hayaniya a harshen Tamashek. Mai neman habaici zai ce ga alama ta bayyana. Ni ban ji shi a waƙoƙin ba. Babu jifan juna a Tears of Injustice, babu ƙorafin wa ya ci kuɗin wa. Muryoyin mutane ne da ke rera waƙa tare a ɗaki ɗaya a Brooklyn suna jiran a buɗe filin jirgin Yamai.