Ƙullutun Nono Masu Kama da Sankara: Ganowa da Magani

Mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a nonon mace ba sankara ba ne, sai dai akwai wasu 'yan kaɗan da suke ɗaukar kamanninta har su rikita ƙwararren likita, domin suna da tauri kamar dutse, suna manne wa naman da ke kewaye da su, wani lokaci kuma su janyo fata ko kan nono ya lotsa ciki.

Daga cikinsu akwai ƙarin da likitan Rasha Abrikosof ya fara bayyanawa a 1926, wanda ke tsirowa daga ƙwayoyin da suke lulluɓe jijiyoyi, kuma a hoton mamogiram, wato hoton nono na musamman, yakan fito da gefe mai tsini-tsini irin na sankara. Akwai kuma mutuwar kitsen nono, wadda kan biyo bayan bugu ko tiyata, da taurin nono da ke samun wasu matan da suka daɗe da ciwon suga, da kuma tarin fuka na nono, wanda bai kamata a manta da shi ba a ƙasashen da cutar ta yi katutu kamar Najeriya da Nijar.

Saboda wannan kamanni ne likitoci suke haɗa bincike uku kafin yanke hukunci, wato dubawa da hannu, da ɗaukar hoto, da kuma ciro 'yar tsokar ƙullutun da allura mai kauri domin masanin cututtukan nama ya duba ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wannan na ukun shi ne ke raba gardama, tunda kama da wane ba ta wane, kuma yin tiyata ba tare da shi ba na iya jawo a cire nono kan abin da bai kai haka ba.

Magani yana bin sakamakon binciken. Ƙarin Abrikosof ana yanke shi ne tare da ɗan lafiyayyen naman gefensa don kada ya dawo, ba tare da allurar sankara ko gashi ba. Mutuwar kitse sau da yawa sa ido kawai take buƙata. Tarin fuka kuwa magungunansa ake sha na aƙalla wata 6. Tsoron cire nono yana hana mata da dama zuwa asibiti har sai ciwo ya ci jiki, don haka wajibi ne duk wadda ta ji ƙullutu ta garzaya a duba ta da wuri, maimakon a kai ta wurin wanzami ya tsaga.