Idan daji ya kai ƙashin baya: abin da ake faɗa a Zango da abin da yake gaskiya

A unguwannin Zango na Nima da Maamobi, da zarar an ji ciwon daji ya sauka a ƙashin bayan wani, sai 'yan dubiya su fara raɗa: "Sai addu'a, an gama." Addu'a kam dole ce, amma ba a gama ba. Gaskiya ne dajin da ya taso daga nono ko huhu ko furostet ya kai ƙashi, da wuya a raba shi da jiki ɗungurungum. Sai dai ana danne shi. Masu dajin nono da na furostet da yawa suna yin shekaru a kan magungunan da ke hana shi sinadarin jikin da yake rayuwa da shi.

Ana cewa gashin daji ƙona mutum yake yi. A asibitin Korle Bu ana gashin daji tun 1997. Majinyaci ya kwanta, a saita injin daidai alamar da aka yi masa a fata, mintoci kaɗan ya tashi, bai ji komai ba. Fatar wurin na iya yin duhu, gajiya na iya biyo baya, wannan gaskiya ne. Amma ba ya ɗauko hasken injin zuwa gida, jikoki su hau cinyarsa ba fargaba. Wani lokaci zama ɗaya ya isa rage zogi.

Ana kuma cewa: "Wuƙa ta taɓa daji, sai ya watsu." Ba haka ba ne. Tiyata tana ɗauke abin da ya danne laka, a tokare ƙashin da ƙarfe, ko da yake ba kowa ya dace da ita ba. Mofin ma ba alamar ajali ba ce, maganin zafi ne, illarsa da aka fi gani taurin bayan gida.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kai irin wannan baya wurin maɗori ko mai tausa. Ƙashin da daji ya ci kamar azarar da gara ta cinye yake, dannawa na iya karya shi.

Mai daji da bayansa ke hana shi barci da dare, ƙafafu suka yi nauyi ko suka mutu, fitsari ya tsaya ko ya riƙa kufce masa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira wayewar gari. Za a ɗauki hoton MRI, a ba shi dexamethasone don rage kumburi, sannan gashi ko tiyata. Wanda aka fara yi wa magani yana iya takawa, yawanci yakan ci gaba da takawa. Wanda ƙafafunsa suka kwana biyu a shanye, da wuya su dawo.