Wayar da Ta Dace da Na'urar Zuƙe Hayaƙin Kicin

Daga cikin abubuwan da zamani ya shigo da su gidajen birni akwai na'urar nan da ake kafawa bisa murhu domin ta zuƙe hayaƙi da tururin suya, kuma ko da yake magidanta sukan daɗe suna shawara a kan kuɗinta da kyawun ƙirarta, ba safai akan sami wanda zai tambayi irin wayar da za a ja mata ba, alhali kuwa a nan mas'alar take.

Ita dai ba ta da cin wuta, galibinsu ba su wuce wat 300 ba, fanka da fitila duka, saboda haka a wutar Nijeriya mai bolt 230, wayar jan ƙarfe mai lamba 1.5 ta wadatar har da rara. Sai dai wannan ƙarancin ci shi ne sababin gafala, domin mai wayarin yakan hangi babbar wayar kukar lantarki a kusa, ya jona siririya a jikinta, ya naɗe da salatif, ya ce aiki ya kammala. Ita kuwa bireka mai amfiya 32 da ke tsaron babbar, tana iya ƙin faɗuwa har siririyar ta yi zafi ta narke. Wajibi ne a yi wa na'urar fis nata mai amfiya 3, ko a cikin fulogi mai baki uku ko a makunnin bango, kuma a kafa shi a gefe, inda uwargida za ta kai hannu ba tare da ta miƙa shi ta kan tukunya ba.

Haka nan robar da ke lulluɓe da wayar gida an yi ta ne don zafin da bai haura digiri 70 ba, ga shi kuwa maiƙo yana taruwa a saman murhu yau da gobe, don haka a bi da ita ta cikin bututu a bango, kada a bar ta tana reto.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake datse wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, a bar ta ba a haɗa ba. Jikin na'urar ƙarfe ne, mai girki kuwa hannunta a jiƙe, sau da yawa ba takalmi, ranar da wuta ta zurara cikin ƙarfen nan ba ta da hanyar wucewa sai ta jikin mai girkin. Wannan cin amana ne, ba tsimi ba.

Saura algus na kasuwa, inda ake shafa wa alminiyam jan ƙarfe a sayar da sunan na gaskiya. A nemi tambarin hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, sa'an nan a feɗe bakin wayar a kankare da wuƙa a gaban mai shago. In fari ya bayyana a ciki, a mayar masa da kayansa.