Daga Ramin Kuza Zuwa Tafin Hannu

[KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A RAGE SAUTI]

MAI GABATARWA: Wannan shiri na musamman yana zuwa muku daga birnin Jos.

Ko a Dilimi kake, ko Unguwar Rogo, ko Bukuru, da wuya ka wuce majalisa bayan sallar isha'i ba ka tarar da samari sun kwantar da waya a hannu biyu suna buga gem ba. Wani ƙwallo yake bugawa, wani Free Fire, wani kuma Ludo. Yau wannan na'ura za mu buɗe mu leƙa cikinta. Da me aka haɗa ta? Wace manhaja ke juya ta? Wanda ya zana ta, wa yake tunani a lokacin da yake zanawa? Kuma ina matsayin Jos a cikin wannan labari? Ku biyo mu.

[SAUTIN KASUWA DA HON NA MOTOCI]

MAI GABATARWA: Bari mu tsaya a teburin mai gyaran waya a titin Ahmadu Bello Way, daf da Taminus. An kawo masa wayar da ta daina caji. Ya ɗumama bayanta har gam ya saki, ya ɓare murfin, ya kwance ƙananan kusoshi ya jera su a kan tsumma don kada su ɓace. Ya ciro fanel ɗin, ya sa shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Ƙafa ɗaya ce daga ƙafafun bakin cajin ta saki, ƙafar da ba ta kai kaurin zaren ɗinki ba. Ya ɗauko ƙarfensa mai zafi, ya kusanto da zaren dalma, ya taɓa. Ɗan hayaƙi ya tashi, ɗigo guda mai sheƙi ya zauna a wurin, ya daskare nan take. Ya jona caja, alamar batir ta bayyana.

Wannan ɗigo, masu sauraro, mafi yawansa kuza ne. Irin dalmar da aka daɗe ana like da ita, kashi 63 cikin ɗari kuza ce, tana narkewa a zafin digiri 183. Tun daga 2006 Tarayyar Turai ta hana sa ƙarfe mai guba da ke cikin ragowar kashin dalmar a yawancin kayan lantarki, don haka sabuwar dalmar kusan zallar kuza ce. Kowace waya, kowace na'urar gem, kowace kwamfuta, irin waɗannan ɗige-ɗige ne ɗaruruwa ke riƙe da sassanta. Kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita a shekara, wannan aikin like take yi.

[KIƊAN KUNTIGI NA ƊAN LOKACI]

MAI GABATARWA: Mutumin Jos ba ya buƙatar a gaya masa mene ne kuza. Tun kafin zuwan Turawa, maƙera a Riruwai da Liruwen Dalma suna narka ta, fatake na kai ta kasuwanni masu nisa. Wannan ne ya ja hankalin kamfanin Neja, wanda ma'aikatansa suka hau tsaunin Filato a farkon shekarun 1900 suna neman tushenta. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso har Bukuru domin kwasar ta. Barikoki suka tsiro, mutane suka kwararo daga Kano da Katsina da Barno da Kudu, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere a ƙasarsu. Garin Jos na zamani a kan kuza ya tashi.

Arzikin bai zo a banza ba. Manoma sun rasa gonaki. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar madogararta ta kuza, sai ta juyo kan Filato da aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebo dubun-dubatar mutane daga lardunan Arewa, da yawa daga cikinsu sanyi da yunwa da cuta suka kashe. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbait, ma'adinin da ake samu tare da kuza. A farkon shekarun 1960 aka buɗe matatar kuza ta Makeri. Sai kasuwar duniya ta rushe a Oktoban 1985, manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, suka bar mana kududdufai daga Rayfield har Barikin Ladi.

Yau farashi ya sake tashi saboda ƙishirwar masana'antun lantarki. Matasa sun koma ramuka, mata na wankin yashi da kwano, ƙasa na ruftawa da mutane. Ana loda ɗanyen ma'adini a buhuna a fitar da shi waje, mu kuma mu je shago mu sayi na'urar da aka haɗa da irinsa da tsada. Farkon aikin a hannunmu yake. Ƙarshensa, wato gyara, shi ma a hannunmu yake. Tsakiyar ce, inda ake zane da ƙira, ta fi riba, kuma can ne ba mu da kujera.

[KIƊA]

MAI GABATARWA: To me ake yi a wannan tsakiyar? Labarin wasu na'urorin gem guda biyu zai nuna mana.

A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Game Boy. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Gunpei Yokoi, ya zaɓi sikirin marar launi, marar hasken kansa, da ƙwaƙwalwa irin ta tsohon yayi. Shekara guda bayan haka kamfanin Sega ya fito da Game Gear mai launi da haske, wadda duk wanda ya gani sai ta burge shi. Amma tana cin batura 6 cikin awa 3 zuwa 5, alhali Game Boy na kai fiye da awa 10 da batura 4, ga ta da araha, ga jure faɗuwa. Game Boy da ƙanwarta mai launi sun sayu fiye da miliyan 118. Game Gear ba ta kai kashi ɗaya bisa goma na hakan ba.

Aƙidar Yokoi ita ce a ɗauki fasahar da ta riga ta nuna, ta yi arha, an san halinta, a nemo mata sabon amfani. Da tsohuwar zuma ake magani. Bai tambayi wane kaya ne ya fi ƙarfi ba. Ya tambayi yaron da zai riƙe abin: nawa ne a aljihunsa, ina zai zauna, sau nawa zai yar da shi?

Mu nan, Game Boy ba ta shiga kowane gida ba. Abin da yaran shekarun 1990 suka fi sani shi ne Brick Game, doguwar na'urar roba daga Sin mai batura biyu, wadda ke kwaikwayon Tetris, wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sai Nokia 3310 ta zo da wasan maciji a cikinta. Nan ne waya ta fara haɗiye na'urar gem. Yau ma na'urar Nintendo Switch ta 2017, ƙwaƙwalwarta ɗiyar gidan ARM ce, tsarin da aka fara ƙerawa a Kambirij ta Ingila a 1985, wanda kusan duk wayoyin duniya ke amfani da shi saboda ƙarancin cin wuta.

[KIƊA]

MAI GABATARWA: Ƙarfe da gilashi kaɗai ba sa motsi. Sai da babbar manhaja, wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya. Aikinta kamar na sarkin kasuwa ne: ita ke ba kowace manhaja rumfarta a cikin ma'adana, ita ke cewa wannan ya shiga wancan ya jira, ita ke korar wanda ya cika wuri. In kana tsakiyar wasa kira ya shigo, ita ce ke dakatar da gem ta ba kiran hanya. In ka dawo ka tarar wasan ya koma farko, ita ce ta rufe shi, don wurin aiki ya yi wa wayar kaɗan.

A 1991 wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar wata babbar manhaja mai suna Linux, ya sake ta kyauta, kowa na iya karantawa ya gyara. A kanta aka gina Android, wadda wayarta ta farko ta fito a 2008, shekara guda bayan iPhone. Na'urar gem ta Steam Deck da ta fito a 2022, ita ma a kan Linux take. Ma'anar wannan ita ce, ɗalibin Jami'ar Jos da ke Naraguta yana da ikon buɗe tushen manhajar da ke juya wayar aljihunsa ya yi nazari, ba tare da neman izinin kowa ba.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Kamfani ne ke yanke shekara nawa zai ci gaba da aiko wa wayarka sabuntawa. Masu tsada na samun shekaru masu yawa, har 7 a wasu. Masu araha kuwa, waɗanda su ne a hannun talaka, sau da yawa ba a daɗewa ake mantawa da su. Sikirin lafiya, batir lafiya, amma wata rana manhajar banki ko WhatsApp ta ce ba ta aiki a kan wannan tsohon tsari. Waya ta mutu alhali jikinta garau.

[SAUTIN JANARETO DAGA NESA]

MAI GABATARWA: Akwai kamfanin da ya zo ya dubi rayuwarmu kafin ya yi zane. Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, ya shigo kasuwar Najeriya wajen 2008. Ya lura mutane na yawo da waya biyu saboda sabis ba tabbas kuma kiran wani layi da tsada, sai ya yi mai sim biyu. Ya lura da halin wutarmu, sai ya ƙara girman batir. Ya gyara kyamara don ta fito da baƙar fata yadda ya kamata, ya sa harsunan gida, har da Hausa. Da haka ya zama kan gaba wajen sayar da waya a Afirka. Haka ma Free Fire, da ta fito a 2017: an gina ta ne don ta yi gudu a ƙananan wayoyi, shi ya sa ta samu karɓuwa a unguwanninmu.

Duk da haka, har yanzu akwai abubuwan da masu zane ba su ji daga gare mu ba. Yawancin waya ba ta da fanka, jikinta ne ke fitar da zafi. In ta yi zafi sosai, babbar manhaja na rage mata gudu don kada ta ƙone, gem ya fara sarƙewa. Mai wasa a Jos, a tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200, cikin sanyin Disamba, ba zai ji abin da ɗan uwansa na Sakkwato ke ji a watan Afrilu ba, ko da wayarsu iri ɗaya ce. Ƙurar hunturu na toshe bakin caji da lasifika. Wutar janareto mai hawa da sauka na ƙona sashen caji. Batirin da a da kake cirewa da farce, yau an manne shi da gam.

A Turai hukuma ta sa baki. Daga ƙarshen 2024 dole sabuwar waya ta zo da bakin caji na USB-C. Daga Yunin 2025 dole kamfani ya tanadi kayan gyara na shekara 7 da sabuntawar manhaja na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Najeriya na cikin manyan kasuwannin waya a Afirka. Hukumar NCC ce ke amincewa da samfurin waya kafin a sayar da shi a ƙasar nan, saboda haka akwai ƙofar da za a iya gindaya irin waɗannan sharuɗɗa.

[KIƊA]

MAI GABATARWA: Kada wani ya ce zane ya fi ƙarfin Jos. A ƙarshen shekarun 1990 wani malami Ba'amurke, Cliff Missen, ya koyar a Jami'ar Jos, ya ga yadda rashin intanet ke daƙile karatu. Daga wannan matsala aka haifi eGranary, rumbun miliyoyin takardu a cikin faifan kwamfuta, da ake karantawa ba tare da intanet ba, wanda ya bazu zuwa makarantu a ƙasashe da dama. Matsalar Jos ce ta haifi wannan dabara. Yau kuma cibiyoyi irin su nHub na koya wa matasa rubuta manhaja a cikin garin nan.

Abin da ya rage shi ne a haɗa hannayen da ke warwatse. Mai gyara ya san wace waya ce bakin cajinta ke saurin saki, wace ce batirinta ke kumbura, amma ba wanda ke rubuta wannan ilimi. Ɗalibin injiniya ya san lissafin a takarda, amma wataƙila bai taɓa riƙe ƙarfen like ba. Jami'a da kwalejojin fasaha su buɗe wa masu gyara ƙofa, su kuma tura ɗalibansu teburin gyara. Iyaye, in kun ga yaro ya dage da gem, ku sa masa iyakar lokaci, amma ku tambaye shi ko ya san yadda aka yi wasan, ku nuna masa inda zai koya. Gwamnati kuma ta tsare ran mai haƙa, ta matsa a riƙa tace ma'adini a gida kafin ya fita.

Kai kuma mai saye, kafin ka miƙa kuɗinka, yi wa mai shago tambaya uku. Shekara nawa wannan waya za ta samu sabuntawa? Ana samun sikirinta da batirinta a Jos? Nawa ne kuɗin canja su? In masu saye suka yawaita yin waɗannan tambayoyi, dillali zai kai su ga kamfani, kuma kamfani na sauraron duk abin da ya taɓa cinikinsa.

A nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau.  

[KIƊAN RUFE SHIRI]